Yadda ake ƙara wa Fire TV Stick da akwatin Android sauri idan sun yi nauyi

Ka danna rimot, shiru. Ka sake dannawa, shiru. Sai can na'urar ta farka ta aiwatar da duka biyun a tare, ta tsallake fim ɗin da kake nema. Duk wanda Fire TV Stick ko ƙaramin akwatin Android ya shekara biyu a bayan talabijin ɗinsa ya san wannan takaici, kuma galibi kaya ne suka yi wa na'urar yawa.

Ma'aji iri biyu ne a cikinta. Akwai RAM, wadda take kamar teburin mai shayi, inda ake ɗora abin da ake aiki da shi yanzu. Akwai kuma rumbun ajiya, inda manhajoji suke kwana. Fire TV Stick na farko da Amazon ta fitar a 2014 yana da RAM 1GB da rumbu 8GB, haka ma samfurin Lite na 2020. Na 4K da ya fito a 2018 yana da 1.5GB, shi kuwa Chromecast mai Google TV na 2020 yana da 2GB. A cikin 8GB ɗin nan tsarin na'urar ya riga ya cinye kasonsa, abin da ya rage maka wajen 5GB ne kawai. RAM kuma ba a ƙara ta, a liƙe take da allon ciki. Tunda teburin ba zai faɗaɗa ba, sai a rage masa tarkace.

Sunayen maɓallan da ke ƙasa na bar su yadda za ka gan su a allon talabijin.

Da farko ka gano inda ciwon yake

Idan yawo a cikin menu ma yana ja da ƙyar, laifin na na'ura ne. Idan menu yana gudu lafiya amma da ka kunna fim sai da'irar nan ta kama juyawa, intanet ce. Ka tsaya kusa da talabijin da wayarka, ka haɗa ta da Wi-Fi ɗin da na'urar take kai, ka buɗe YouTube. In wayar ma tana tsayawa, kada ka ɓata lokaci wajen goge-goge, ka wuce sashen intanet.

Wuta da zafi

Nan ne aka fi yin sakaci. Ni kaina na yi watanni ina ba tawa wuta daga ramin USB na talabijin, don kawai in huta da neman soket. Sai ta riƙa kashe kanta ana tsakiyar wasan ƙwallo. Ashe ramin USB na talabijin da yawa rabin amfiya yake bayarwa, alhali kan cajar da aka haɗo wa ƙananan samfuran amfiya ɗaya ne cikakke. Ranar da na tono cajarta a kwali na jona a bango, maganar ta ƙare.

Sai zafi. Kai hannu ka taɓa ta bayan awa biyu tana aiki. Idan ta yi zafi sosai, injinta da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A watan Afrilu, ɗaki ba fanka, ga ta maƙale tsakanin bango da bayan talabijin mai huci, ai dole ta galabaita. Akwai 'yar gajeriyar wayar HDMI da take zuwa a kwalin Fire TV Stick, wadda mutane ke jefarwa a durowa. Ka nemo ta. Tana nisanta na'urar da jikin talabijin ta sha iska, tana kuma taimaka mata kama Wi-Fi. Akwatin Android kuma a daina ɗora shi a kan dikoda ko lulluɓe shi da kyalle saboda ƙura.

Ka sake tayar da ita

Maɓallin kashewa na rimot barci kawai yake sa ta, abin da ke kan tebur yana nan. A Fire TV ka danne maɓallin tsakiya tare da na kunna fim har daƙiƙa biyar. Ko ka zare wuta, ka jira minti ɗaya, ka mayar. Sau ɗaya a mako ya isa, kodayake a wasu unguwanni masu ɗauke wuta sun ɗauke maka wannan aikin.

Share rumbu

A Fire TV ka shiga Settings, My Fire TV, About, sannan Storage, ka ga abin da ya rage. Idan bai kai 1GB ba, akwai aiki. Ka koma Applications, ka buɗe Manage Installed Applications. A Android TV sashen Apps ne.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka ji tausayi. Manhajar da ka yi wata biyu ba ka buɗe ba, ka danna Uninstall. Wasannin da yara suka sauke ranar Sallah, da manhajojin kallon ƙwallo guda huɗu da ɗaya ce kawai ke aiki, duk su tafi. Wasunsu ko ba ka buɗe su ba suna aiki a ɓoye, suna cin RAM da data.

Waɗanda ka bari, ka danna musu Clear cache. Wannan tarkacen wucin gadi ne, irin hotunan fina-finai da manhaja ke tarawa, goge shi ba ya cutar da komai. Amma ka kula da maƙwabcinsa Clear data, domin shi yana mayar da manhaja sabuwa fil, sai ka sake shigar da imel da kalmar sirri. Idan asusun Netflix ɗin na yayanka ne kuma ba ka san kalmar ba, kada ka kusance shi.

Mai amfani da Downloader, manhajar sauke fayiloli daga intanet, ya leƙa sashen Files. Fayilolin APK, wato na girka manhaja, da ka sauke suna nan zaune bayan an gama girka manhajar, ba su da sauran amfani. Mai Kodi, manhajar kunna fina-finai, kuma ya guji manyan ginannun tsare-tsaren nan masu ɗaruruwan ƙari da hotuna masu motsi. Na'ura mai 1GB ba za ta iya da su ba.

Ana iya jona filas ta wayar OTG, wadda ke ba na'urar ramin USB, a ƙara wurin ajiya a wasu samfuran. Rumbu kawai zai ƙaru, RAM tana nan yadda take, kuma filas mai arha yana iya ƙara nauyin ma.

Kashe ƙawar da ba ka nema ba

Tallan fim da ke kunna kansa a saman shafin farko yana cin ƙarfi. A Fire TV ka shiga Preferences, Featured Content, ka kashe Allow Video Autoplay da Allow Audio Autoplay. A Privacy Settings ka kashe Device Usage Data da Collect App Usage Data.

Google TV yana da Apps only mode a ƙarƙashin asusunka, wanda ke kwashe jerin shawarwari ya bar manhajoji zalla. A Android TV kuma, ka shiga About ka danna Build sau bakwai, Developer options zai bayyana. A ciki akwai layuka uku masu kalmar animation ko animator, ka mayar da kowane 0.5x. Ƙarfin injin bai ƙaru ba, amma menu zai riƙa amsawa da wuri. Sauran abubuwan wurin ka bar su.

Manhajojin da ke alkawarin wanke RAM da danna ɗaya, ban ga amfaninsu ba. Suna kashe abin da Android zai sake tayarwa nan take, su kuma su zauna suna cin wuri, wasu har da talla.

Intanet

Netflix ta ce 3Mbps ya isa 720p, 5Mbps ga 1080p, 15Mbps ga 4K. Idan ƙaramin MiFi ne gidan duka ya rataya a kai, ka rage ingancin hoto zuwa 720p. A talabijin mai inci 32 da wuya idonka ya kama bambancin, datarka kuma za ta daɗe. Idan rauta tana da Wi-Fi na 5GHz kuma ɗaki ɗaya take da talabijin, ka zaɓe shi. In akwai bango biyu a tsakani, 2.4GHz ya fi ratsawa.

Idan duk wannan bai yi ba

Sai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A Fire TV ka shiga My Fire TV, ka zaɓi Reset to Factory Defaults. Komai zai goge, don haka ka tanadi kalmomin sirrinka tukuna. Bayan ta tashi ka bar ta ta sabunta kanta, sannan ka girka manhajoji huɗu ko biyar da kake kallo da gaske.

Akwai akwatunan da ko wannan ba zai cece su ba, wato marasa suna ɗin nan masu arha da ake rubuta musu RAM 8GB ko 16GB a kwali. Sau da yawa lambar ta bogi ce, har a cikin saitin an gyara ta. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, muguwar manhaja da ake samu a irin waɗannan na'urori tun kafin a saye su, tana amfani da intanet ɗin gidanka a ɓoye. Idan naka irin wannan ne, ka buɗe Play Store ka duba Play Protect certification a saitinsa. In ya nuna ba a tantance na'urar ba, kuma data tana ƙarewa ba dalili, ka cire shi daga Wi-Fi ɗin gidan.