Kafin ka ba kyanwarka magani a Kumasi

Ku da kuka sauka Aboabo ko Asawase kwanan nan, zancen layin waya da MoMo (tura kuɗi ta waya) ba sai na ja shi ba, yaran unguwa za su gama muku shi kafin la'asar. Maganata kan kyanwa ce. Ɓera ba ya barin ɗakin da aka ajiye shinkafa da garin rogo, shi ya sa sabon zuwa yakan nemi mage, kuma Alhamdu lillahi mutanen zango sun iya riƙonta da tausayi.

Amma da ta fara atishawa ko ta ƙi ci, sai mutum ya ruga kemis. Don Allah ku daina. Farasitamol, wanda a nan ake kira "para", guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Wani yaro da ya zo daga Zariya ya murƙushe rabi cikin kifi da kyakkyawar niyya. Washegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi duhu, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ibuprofen ma haka yake, da maganin ƙumar kare mai permethrin. Ka nemi likitan dabbobi, a auna nauyinta, sannan a rubuta.

Inda aikin yake shi ne gidan haya. Gidajenmu na nan ɗakuna ne jere da tsakar gida ɗaya, kowa na wurga wa mage kan kifi. Ka zuba magani a kwano ka bari a waje, ita ta ƙoshi a ƙofar maƙwabciya, kajin maigidan haya ne za su cinye, rigima ta tashi. Ka yi wa matan gidan sallama, ka ce: "Hajiya, a taimaka, kada a ba ta komai yau, tana shan magani." Za su ji. Sai ka rufe ta a ɗakinka.

Tana jin yunwa, ka cusa ƙwayar cikin sadin na gwangwani, ɗan abin da za ta haɗiye a loma guda, ka tsaya a kanta har ta cinye, sannan sauran abincin ya biyo. Ka duba ƙasa, takan tofar. Kada ka niƙa sai likita ya yarda: wasu ƙwayoyin an lulluɓe su ne saboda ɗaci, in ta ɗanɗana za ta guji kwanon. Ban da shito (soyayyen yajin Ghana) da miyarmu, albasa da tafarnuwa na lalata mata jini.

In ta yi kwana biyu ba ta ci ba, a mayar da ita wurin likita, domin yunwar kanta tana taɓa hantar kyanwa. Kana can ka tambayi rigakafin ciwon haukan kare.