Yadda ake gwada ko gubar gansakuka tana cutar da tayin dabbobi

Koren kumfan nan da kan lulluɓe tafki ko madatsar ruwa idan zafi ya tsananta, galibi ƙwayoyin bakteriya ne masu kama da gansakuka. Ba duka ke da illa ba, don Kanembu na yankin Tafkin Cadi miya ma suke yi da wani nau'insu. Amma wasu suna fitar da guba, irin su microcystin mai cin hanta da anatoxin mai taɓa jijiyoyi. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, microcystin ta shiga ruwan wata cibiyar wankin ƙoda, mutum fiye da 50 suka mutu. To tayin da bai gama haɗuwa ba fa? Ga yadda masu bincike ke bin sawun lamarin.

Da farko a ɗebo kumfan, a daskarar da shi a narkar har sau uku, domin mafi yawan gubar tana ƙunshe cikin ƙwayoyin, sai sun fashe take fitowa. A tace, a auna yawan gubar da gwajin ɗakin bincike da ake kira ELISA. A kuma tanadi tsantsar gubar da ake saya daga kamfani, don a gwada ta daban, ɗanyen ruwan kumfan daban. Wanda ya tsallake wannan, ya yi aikin baban giwa, dalili na nan tafe.

Sai a koma kan ƙwan kifin zebra, wanda ake hango cikinsa tas da madubin ƙara girma. Ƙa'ida mai lamba 236 ta OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta ce a jera matakan ƙarfin guba 5, kowanne da ƙwai 20, ko wane ƙwai a raminsa cikin farantin gwaji, a zafin digiri 26, na tsawon awa 96. A ajiye wani rukuni a ruwa mai tsabta. Idan fiye da kashi 10 cikin 100 na wannan rukunin suka mutu, gwajin ya ɓaci, a sake. Kullum a duba: ƙwan ya dunƙule ya yi fari? Sassan baya sun fito? Wutsiya ta rabu da gwaiduwa? Zuciya na bugawa? A rubuta lanƙwashewar baya da kumburin da ke kewaye zuciya, kuma a riƙa auna iskar oksijin, don ɗanyen ruwan gansakuka kan shanye ta, ƙwai su mutu a ɗora wa guba laifi.

Nan ne gizo ke saƙa. Tsantsar microcystin ba ta cika ratsa ɓawon ƙwai ba, saboda haka ana iya ganin komai lafiya lau alhali gubar ba ta ma isa tayin ba. Shi ya sa wasu ke tsira ta kai tsaye cikin ƙwan da siririyar allura. Ɗanyen ruwan kuwa sau da yawa ya fi nakasa tayi, kuma a Tafkin Taihu na ƙasar Sin an gano waɗannan ƙwayoyin bakteriya na samar da sinadaran retinoic acid, waɗanda aka daɗe da sanin suna jirkita halitta. Wanda ya auna microcystin kaɗai ba zai ga wannan ba.

Ana iya maimaita gwajin da ƙwan kwaɗon Xenopus, shi ma awa 96.

Idan an ga alama, sai a je ga ɓeraye ko zomaye masu ciki, bisa ƙa'idar OECD ta 414 da izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Matakai 3 aƙalla da rukunin da ba a ba komai, kimanin uwa 20 kowanne. Ana ba su gubar ta baki kullum, tun daga lokacin da ciki ya kama har jajibirin haihuwa, sannan a fiɗo 'ya'yan a ƙirga, a auna nauyi, a rina ƙashinsu da jan rini a duba. A sa ido kan uwar sosai: idan ta rame ko hantarta ta lalace, ƙanƙancewar 'ya'yan na iya zama daga ciwonta ne. Ba a cewa gubar na nakasa tayi kai tsaye sai an ga illar a matakin da uwar ba ta nuna ciwo ba. Wajen lissafi kuma, 'ya'yan uwa ɗaya ana ƙirga su a matsayin samfuri ɗaya.