Yadda ake haɗa malaman addinin Buda da 'yan sa-kai wajen yaƙi da HIV a ƙauyukan Tailan

A farkon shekarun 1990, lokacin da cutar HIV ta yi kamari a lardunan arewacin Tailan irin su Chiang Mai da Chiang Rai da Phayao, an sha samun ƙauyukan da maƙwabta ke ƙaurace wa jana'izar wanda cutar ta kashe, suna kuma hana 'ya'yansu wasa da marayun da ya bari. A ƙarshen waɗancan shekaru ne aka kafa shirin Sangha Metta a Chiang Mai da tallafin UNICEF, domin a horar da malaman addinin Buda su shiga aikin rigakafi da kula da marasa lafiya. Tsarin da aka bi yana da matakai, kuma idan aka tsallake na farko, na bayan ba sa zaunuwa.

Da shugaban wurin ibada ake farawa. Kusan kowane ƙauye yana da wurin ibadarsa da ake kira wat, kuma babu ƙaramin malamin da zai ɗauki wani sabon aiki ba da yawun shugabansa ba. Saboda haka sai ma'aikacin lafiya da dattawan gari su je wurinsa cikin ladabi, su zauna ƙasa da inda yake zaune kamar yadda al'ada ta tanada, su bayyana masa halin da mutanensa ke ciki.

Bayan ya amince, sai a shirya wa malamai horo, kuma hikimar ita ce a shigo musu ta ƙofar da suka sani. Addinin ya ginu a kan gaskiya huɗu: akwai wahala, wahala tana da sanadi, tana iya gushewa, akwai kuma hanyar gusar da ita. A kan wannan ma'auni ake ɗora bayanin cutar, a faɗi hanyoyin da take yaɗuwa, wato jima'i ba kariya, da allurar da aka yi tarayya a kanta, da jini, da kuma daga uwa zuwa jariri, sannan a jaddada cewa cin abinci tare ko zama a tabarma ɗaya ba ya kawo ta. Ana kuma tuna musu labarin da ke cikin littattafansu na yadda Buda da almajirinsa Ananda suka wanke wani malami da ciwon ciki ya kwantar bayan abokan zamansa sun yi watsi da shi.

Mataki na uku shi ne rabon aiki, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan tsarin yake. Malami yana da ƙa'idojin da ba zai karya ba: ba ya taɓa mace, kuma da yawansu suna ganin bai dace da rigarsu ba su riƙe kwaroron roba suna nuna yadda ake amfani da shi. Tilasta musu yin hakan ɓata lokaci ne. Abin da ake yi shi ne a bar wa malami wa'azi a kan riƙon amanar aure da nisantar kayan maye, waɗanda dama suna cikin dokoki biyar da kowane mabiyi ke ɗauka, a bar masa ziyarar gaisuwa da jagorantar jana'iza. Sauran aikin kuwa, wato wanke majiyyaciya, da maganar kwaroron roba, da raka mutum gwaji, na 'yan sa-kai ne da mata masu ibada da ke sanya fararen kaya, waɗanda ake kira mae chi. Tailan ta yi dace a nan, domin tun 1977 take da tsarin 'yan sa-kan lafiya na ƙauye, waɗanda a yau sun haura miliyan ɗaya, kowannensu yana lura da gidaje goma zuwa goma sha biyar na unguwarsu. Ya kamata a saka masu ɗauke da cutar su kansu cikin tawagar, don maganar wanda ya ɗanɗana ta fi shiga kunnen sabon majiyyaci.

Daga nan sai a fito da aikin fili. Kowace safiya malamai suna fita ba takalmi, ɗauke da ƙwaryar karɓar sadaka, mutane na zuba musu shinkafa da miya domin neman lada. Idan malami ya tsaya a ƙofar matar da gari ya san tana ɗauke da cutar, ya buɗe ƙwaryarsa ta zuba shinkafarta, ya yi mata addu'a, sannan aka ga ya ci abincin kafin rana ta take, to ya yi abin da takardun wayar da kai ba za su iya ba. Ba da izinin mai gidan ba kuwa, kada a kuskura a yi wannan, domin tona asirin mutum da sunan taimako cutarwa ce.

Kayan tallafi ba sai an nemo su daga nesa ba. Sadakar da ake kai wa wat, su sabulu da madara da magunguna da tufafi, takan fi ƙarfin buƙatar malamai, don haka sai a ware ɗaki a riƙa tara rarar, 'yan sa-kai su rubuta gidajen da suka fi buƙata su raba. Yara maza marayu sukan samu gurbin karatu a makarantar wat, amma 'yan mata sai an nema musu tallafi na daban, abin da masu tsarawa kan manta.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗaure aikin da asibiti, kuma abin da ya faru a lardin Lopburi da ke tsakiyar Tailan ya koyar da dalili. A 1992 malami Alongkot ya mayar da wurin ibadar Wat Phra Bat Nam Phu da ke can masaukin masu cutar da suka kusa cikawa, a lokacin da magani bai wadata ba. Ya rufa wa dubban mutane asiri, sai dai wasu iyalai sun riƙa ajiye 'yan'uwansu a can su juya, har buhunan tokar gawarwakin da aka ƙona bisa al'adarsu, waɗanda babu wanda ya zo karɓa, suka taru. Yau lamarin ya sauya, domin tun 2006 maganin rage kaifin cutar ya shiga tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa, daga 2014 ana ba duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ita ba tare da jiran garkuwarsa ta yi rauni ba, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Tailan a matsayin ƙasar Asiya ta farko da ta kawar da yaɗuwar cutar daga uwa zuwa jariri. Don haka aikin ɗan sa-kai a yanzu shi ne ya san ranar da kowane majiyyacinsa zai karɓo magani, ya bi sawun wanda bai je karɓa ba, ya kuma sanar da malami cikin sirri idan ya ji wani ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma ga saiwoyi da ruwan addu'a, don malamin ya je da kansa ya ce masa ya koma asibiti.