Yadda ake kashe kachala a fadama da magudanar ruwa

Duk manomin da ya taɓa sare kachala, doguwar ciyawar nan da ke cike fadama, a saman ruwa, ko ya cinna mata wuta da rani, ya san abin da ke biyo baya. Kafin sati uku ta sake tofowa shar, sau da yawa ma ta fi da yawa. Dalili shi ne ran wannan ciyawa yana cikin laka, a wata saiwa mai kaurin babban yatsa ko fiye, wadda ke rarrafe a kwance tana fitar da sabon tsiro daga gaɓoɓinta. A nan take tara abincinta. Lauje da wuta ganye kawai suke ci, tokar kuma ta zame mata taki.

Amma tana da lago. A tsaga ganyenta a duba, za a ga cikinsa kamar soso, duk ƙananan ramuka. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwa, domin lakar da ke ƙarƙashin ruwa ba ta da iska. Har busasshen karan bara da ke tsaye yana yi mata wannan aiki. Idan aka toshe wannan hanya, saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Aikin kashe kachala gaba ɗayansa a kan wannan ya dogara: ko a nutsar da ita, ko a busar da ita ƙayau.

Yadda ta mamaye fadamar Haɗejiya da Nguru ma ya nuna hakan. A da ruwa kan malalo da damina, da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage, kachala ba ta samun wurin zama sai a 'yan kududdufai. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, aka riƙa sakin ruwa har da rani, wurare da yawa suka daina bushewa. Ruwa marar zurfi da ke kwance shekara zagaye, ga laka, ga takin zamani da ke gangarowa daga gonaki, abin da take so ke nan. Ta cike hanyoyin ruwa a yankin Guri da Kirikasamma da mashigar Marma, ruwa ya rasa hanya ya koma gonaki, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami makwanci kusa da shinkafa. Kogin Senegal ya ga irin wannan bayan madatsar Diama ta 1986.

Inda ruwa ke zaune, yanka ake yi a ƙarƙashinsa. A yanke kowane kara yadda ruwa zai rufe kututturen da aƙalla taƙi ɗaya, wajen santimita 20. Lissafin da za a yi shi ne inda ruwa zai tsaya nan da wata ɗaya ko biyu. Idan ana yanka ruwa na janyewa, kwana kaɗan kututturen zai leƙo waje ya shaƙi iska, wahalar ta tafi a banza. Saboda haka lokacin da ruwa ke ƙaruwa ya fi, ko kuma lokacin da masu kula da ƙofar ruwa suka tabbatar za su riƙe shi. A magudanar noman rani inda ake iya rufewa da buɗewa, abin ya fi sauƙi: a rage ruwa, a yanke ta daf da laka, a kwashe, sannan a cika magudanar a bar ta a cike.

Ta ɓangaren ciyawar kuma, lokacin da ya fi yi mata illa shi ne sa'ad da ta fara fitar da kai, wannan mai kama da zangarniyar gero, tun yana ɗanye. A lokacin ta zuba abincin da ta tara wajen yin ganye da fure, saiwar ta rame. Yanka a wannan gaɓa riba biyu ne, domin an hana ta zubar da iri. Kai guda na ɗauke da iri sama da dubu ɗari, mai gashi kamar audugar rimi, iska na kai shi nesa.

Kayan aiki ba su da yawa: lauje mai kaifi wanda aka ɗaura wa doguwar ƙota, adda, manjagara, igiya, da kwale-kwale inda ruwa ya wuce ƙugu. A ajiye dutsen wasa a kusa, don kachala na dakusar da ƙarfe da wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar busassun kara a tsaye, wai ai sun mutu. Saiwoyin a haɗe suke a ƙasa, kara kaɗan da aka bari za su ci gaba da shayar da na kusa da su iska. A share fili ɗaya tas, ko da ƙarami ne, ya fi a tsattsinka babban fili.

Yanka ɗaya ba ya gamawa da ita. Bayan sati uku zuwa huɗu sabon tsiro zai huda ruwa, siriri, launinsa fari-fari. Kada a jira ya yi tsawo ya mayar wa saiwa abin da ta kashe. A sake yankewa a ƙasan ruwa, a kuma yi na uku idan ya fito. Zagaye na biyu bai kai rabin wahalar na farko ba, amma shi mutane suka fi gudu, daga nan ne kuma ake cewa kachala ba ta mutuwa.

Abin da aka yanka a fitar da shi tudu. In aka bar shi a ruwa zai taru a bakin kwalbati ya toshe, ruɓewarsa kuma na cinye iskar ruwa har kifi ya mutu. A magudana a fara daga ƙasa a yi sama, don ruwa ya sami mafita tun ranar farko. Wannan aikin gayya ne. Mutum ɗaya ya share gefensa maƙwabci ya bar nasa, saiwa za ta rarrafo ta cike gurbin cikin shekara. Masu gonakin da ke kan magudana ɗaya su zauna da mai unguwa da sarkin ruwa, a raba wa kowa tsawon da zai riƙe, a sa ranakun zagaye na biyu da na uku tun kafin a fara na farko.

Inda za a iya janye ruwa gaba ɗaya, sai a bi ta ɗaya hanyar. A datse ruwan, a sare, a bar ta ta bushe, a ƙone. Wuta a nan share fage ce kawai don garma ta shiga. Yawancin saiwar na cikin kamu ɗaya na saman ƙasa, don haka a yi huɗa mai zurfi da garmar shanu ko tarakta, a juyo ta sama ta sha ranar Maris da Afrilu. A bi da manjagara a tattara guntayen a ƙone. Idan ƙasar na da sauran danshi kada a sa haro, domin zai daddatsa saiwar, kowane guntu mai ido kuma sabuwar kachala ce. Wanda ya yi haka ya shuka ta da hannunsa.

Maganin feshi na da wurinsa, amma a busasshiyar gona ko bakin gaɓa. Wanda ke sauka har saiwa shi ne glyphosate. Masu ƙone ganye nan take irin su paraquat ba sa taɓa saiwa, ga haɗari ga mai feshin. Ana zuba mililita 250 zuwa 300 a tankin goyo mai lita 16 idan maganin mai ƙarfin 360 ne (wato giram 360 na sinadarin a kowace lita), a kuma duba abin da aka rubuta a jikin kwalba. Ruwan haɗi ya zama garau, domin ruwa mai laka na kashe ƙarfin maganin, kuma shi ne ya fi kusa da hannu a fadama. Lokacin feshi ya bambanta da na yanka: sai kai ya gama fitowa ganye na kore, lokacin da ciyawar ke tura abinci ƙasa, maganin ya bi shi. A fesa da safe ba iska, ba alamar hadari, kada a sare ko a ƙone sai bayan sati uku. Kada a fesa a ruwan da mutane ke sha, ko dabbobi, ko inda ake su, domin yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa yana da haɗin da ke cutar da kifi da kwaɗi.

Masu shiga ruwa su sa dogon takalmin roba da safar hannu. Akwai macizai da matsattsaku, akwai kuma dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aikin ya je asibiti, maganinta praziquantel ne. Yara kada a sa su a wannan aiki.

Bayan an ci ƙarfinta, haɗarin da ya rage na iri ne. Irin kachala na tsirowa a kan laka mai danshi da rana ke duka, ko ruwan da bai wuce idon sawu ba. Don haka filin da aka share kada a bar shi tsirara. A dasa shinkafa da wuri, ko a riƙe ruwa da zurfi, ko a bar shi ya bushe sarai. Ƙaramin tsiro da hannu ake tuge shi cikin makonnin farko, kafin ya yi saiwar kwance. Magudana kuma a yashe lakarta duk shekara, a zuba can nesa da baki inda za ta bushe.

Tulin da aka fitar yana da amfani. Dogon ganye na yin asabari da jinka. Ana yin gawayi da busasshiyarta, kamar yadda ake yi a Senegal da Muritaniya. Ɗanyen tsiro kafin ya yi kai dabbobi na ci idan an daddatsa an haɗa da dusa, tsohuwa kuwa ba sa kula ta. In taki za a yi, a jera ta hawa-hawa da kashin shanu, a yayyafa ruwa, a juya duk sati biyu, amma a fara cire kawunan a ƙone su daban, don kada iri ya bi taki ya koma gona.