Yadda nake gyara faifan tayar da Windows 98 don tsofaffin kwamfutoci

Wani maƙwabcina tela yana da injin surfani wanda wata tsohuwar Pentium II ke sarrafawa. Manhajar injin ba ta san komai ba sai Windows 98, kuma wayar da ke haɗa su irin mai faɗin bakin nan ce ta firinta, wadda kwamfutocin yanzu ba su da gurbinta. Ana saura kwana tara Sallah rumbun ajiyar kwamfutar ya mutu, ga shaddodin mutane jibge a shago. Ya shigo wurina da faifan fulofi na tayar da kwamfutar a aljihu, ƙurar hunturu ta shige masa ta ko'ina, ya ce, "Malam, wannan ne aka ba ni tare da ita." Tun daga ranar na daina dogara da faifan yadda Microsoft ta fito da shi a 1998. Ina da nawa da na gyara, ga kuma yadda nake yi.

Kafin komai, kada ka taɓa na asali. A bayan faifan, a kusurwa, akwai ɗan makulli baƙi. Tura shi har ramin ya buɗe, ka ga haske ta ciki. Yanzu ba abin da zai iya rubutu a kansa. Sai ka kwafe shi dungurungum ya zama fayil guda, wanda ake kira hoton faifai, da WinImage ko da umarnin dd idan Linux gare ka. Girman fayil ɗin ya zama bayit 1,474,560 cif. Idan ya gaza haka, akwai inda ba a karanta ba, ka sake. Jan fayilolin ciki da linzami zuwa wani faifan ba ya wadatarwa, domin sashen farko na faifan, wanda BIOS, wato manhajar da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, ke karantawa ta nemo fayil ɗin tashi IO.SYS, ba ya biyo su. Faifan zai cika da kaya amma ba zai tayar da komai ba. A kan kwafin za ka yi duk aikin da ke tafe.

Buɗe CONFIG.SYS, fayil ɗin da ke jera abin da za a loda wajen tashi, da EDIT ko Notepad. Ban da Word, domin yana cusa alamomin da DOS, manhajar da faifan ke tayarwa, ba ta ganewa. A ƙarƙashin [CD] za ka tarar da jerin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urori: OAKCDROM.SYS, sai BTDOSM.SYS, FLASHPT.SYS, BTCDROM.SYS, sai 'yan gidan ASPI su biyar. Ban da na farkon, duk na katunan SCSI ne, wata hanya ta daban ta haɗa rumbu da na'urar CD, kuma a cikin kwamfutocin gwanjo da suka ratsa ta hannuna da wuya ka ga mai irin wannan katin. Kowannensu sai ya tsaya ya laluba injin yana neman abin da babu, wani lokaci ma a nan kwamfutar ke sandarewa. Na goge layukansu, na goge fayilolinsu. OAKCDROM.SYS kaɗai ya isa kusan duk na'urar CD mai wayar IDE.

Abin da ya fi ɓata mini rai a faifan asali shi ne RAMDRIVE.SYS. Dabarar Microsoft ce saboda ƙarancin wuri: an matse kayan aiki a cikin EBD.CAB, idan kwamfuta ta tashi sai a yanki megabayit 2 daga RAM a mai da shi kamar rumbu, a zazzage su a ciki. Matsalar tana wajen harafi. Wannan rumbun na wucin gadi yana ɗaukar harafin da ke bin na rumbun gaskiya, sai ya tura CD gaba, yau E gobe F. Mafi muni, idan rumbunka sabo ne ba a raba shi ba, DOS ba ta ganinsa, sai rumbun wucin gadin ya zama C. Da idona na ga yaron shagona ya rubuta DIR C:, ya ga fayiloli, ya ce wa tela ai rumbun lafiyarsa ƙalau. Abin da yake kallo yana ɓacewa da zarar an kashe wuta.

Don haka na fitar da kayan daga EBD.CAB a wata folda da umarnin EXTRACT /E EBD.CAB, na ɗauki FORMAT.COM, SYS.COM, MSCDEX.EXE, EDIT.COM, SCANDISK.EXE da ATTRIB.EXE na zuba su kai tsaye a faifan. Sannan na goge EBD.CAB, RAMDRIVE.SYS, SETRAMD.BAT da FINDRAMD.EXE. Wurin da direbobin SCSI suka bari ya ɗauke su har da saura. CONFIG.SYS ɗina ya koma haka:

DEVICE=HIMEM.SYS /TESTMEM:OFF
DEVICE=OAKCDROM.SYS /D:MSCD001
DOS=HIGH
FILES=30
BUFFERS=20
LASTDRIVE=Z

AUTOEXEC.BAT kuwa na share shi tas, na bar layi uku:

@ECHO OFF
MSCDEX.EXE /D:MSCD001 /L:R
SMARTDRV.EXE /X

Ka lura da sunan da ke bayan /D: ɗin nan. Dole ya zama iri ɗaya a fayilolin biyu, harafi da harafi. Na taɓa rubuta MSCD01 a ɗaya, sifili guda ya faɗi, na kwashe rabin yini ina canza wayoyi ina zargin na'urar CD. Shi kuma /L:R yana kafe CD a harafin R, ko rumbu nawa ne a cikin injin. LASTDRIVE=Z ne ke ba da damar kaiwa wannan harafin, kada ka cire shi.

SMARTDRV ba ya cikin faifan asali. Za ka same shi a foldar WINDOWS ta kowace kwamfuta mai Windows 98. Shi ke sa kwafe fayiloli ya yi sauri, kuma sai ya zo bayan MSCDEX kafin ya taimaki CD. Na saka masa /X da gangan. In babu shi, SMARTDRV yana riƙe abin da za a rubuta a RAM na ɗan lokaci kafin ya sauke a rumbu, mu kuwa nan ana iya ɗauke wuta a tsakiyar numfashi. Gara a ɗan rage gudu a rubuta komai nan take.

Idan a Linux ka gyara fayilolin, ka tabbata ka adana su da ƙarshen layi irin na DOS, in ba haka ba za ta karanta su a cakuɗe.

Yanzu gwaji. Mayar da hoton da ka gyara kan wani faifan, ka shiga BIOS ka sa A, wato na'urar fulofi, a gaba wajen tashi. In ka ga agogo ya koma baya shekaru, batirin CR2032 ya mutu, canza shi tun yanzu. Da ka ga A:\> sai FDISK, umarnin raba rumbu, ka amsa Y ga tambayar farko don samun tsarin ajiya na FAT32. FDISK na Windows 98 yana ruɗewa wajen lissafin rumbun da ya haura gigabayit 64, shi ya sa nake neman ƙarami. Bayan FDISK sai ka sake tayar da kwamfutar kafin FORMAT C: /S. Ni ba na girkawa daga CD kai tsaye. Nakan yi MD C:\WIN98, in kwafe da COPY R:\WIN98\*.* C:\WIN98, in shiga foldar in rubuta SETUP /IE /IS. /IE yana hana shi neman yin sabon faifan tashi, /IS yana tsallake ScanDisk mai duba lafiyar rumbu, tunda yanzu aka wanke rumbun. Amfanin foldar nan yana zuwa daga baya: duk ranar da Windows ta nemi CD don wani direba, sai ka nuna mata C:\WIN98.

Faifan fulofi masu kyau sun yi wuya, zafi da ƙura kuma ba sa raga musu. A kwamfutar telan na cire na'urar fulofin na sa Gotek, wadda ke zama a gurbinta, da wayarta, amma tana karanta hoton faifan daga filashi. BIOS ba ta san an canza komai ba. Hoton da na gyara yana cikin filashin, kwafi ɗaya yana wayata, faifan asalin kuma na nannaɗe shi a leda na mayar masa, na ce ya ajiye nesa da lasifikar rediyonsa saboda maganaɗisu. Injin ya koma aiki ana saura kwana bakwai Sallah.