Yadda za ka nemi gwajin CrAg tun kafin ciwon kai ya fara

In kana jinyar mai HIV da ya daɗe bai sha magani ba, ko yanzu aka gano kuma jiki ya riga ya yi ƙasa, akwai wani gwajin jini da ya kamata ka tambaya da bakinka, CrAg ake ce masa. Ƙwayar kiriptokokas yake nema, dangin funfuna ce, tana cikin ƙasa da kashin tattabara, shaƙarta ake yi. Mai lafiya galibi ba ta yi masa komai, amma wanda garkuwarsa ta karye sai ta haura ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau.

Da farko a duba CD4, wato gwajin jinin da ke nuna ƙarfin garkuwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce in ya gaza 100 lallai a yi CrAg, ƙasa da 200 ma ana iya yi. Gwajin kansa ba wahala, ɗan tsinke ne irin na gwajin maleriya, jini kaɗan, minti 10 rizol ya fito, ba ruwansa da azumi ko wani shiri. Layi biyu akwai, layi ɗaya babu.

Abin da ya sa nake nacin a yi da wuri shi ne alamar ƙwayar tana fitowa a jini makonni kafin mutum ya ji komai, to in aka tsaya jira sai ciwon kai ya yi tsanani, wuya ya ƙage, mutum ya fara sambatu, ga shi galibi an ɓata lokaci ana ta allurar maleriya da taifod a kemis, aikin ya yi nisa.

In rizol ya nuna akwai, likita zai so ya ɗebi ruwan ƙashin baya. Mutanenmu suna tsoron allurar nan sosai, dan Allah a yarda, ita ce za ta nuna ko abin ya kai kai. In bai kai ba maganin funfuna mai suna fulukonazol ake bayarwa na watanni. In ya kai sai kwanciya asibiti, a sa amfoterisin ta jijiya a haɗa da wasu magunguna, kuma a jinkirta fara ARV, wato maganin HIV, sati 4 zuwa 6, kar ka matsa a fara.

Kar ka sayi fulukonazol da kanka, awon na daban ne da na ƙaiƙayin mata, kuma mai ciki ta faɗa wa likita tukuna. In babu tsinken gwajin a ƙaramin asibiti ka nemi takardar rifaral zuwa babba.