An hana Hajiya bizar zuwa Birtaniya? Ga yadda ake ɗaukaka ƙara

Ranar da takardar hana biza ta shigo, kafin ka kira kowa a gida, duba abu biyu: wace irin biza aka hana, da kuma ranar da takardar ta iso. In bizar ziyara ce, tun shekarar 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara a kanta, galibi sai dai a gyara takardu a sake nema. In kuwa bizar ɗauko iyaye ce don a kula da su, wadda ake kira Adult Dependent Relative, to akwai ƙofar kotu, amma kwana 28 kacal take a buɗe daga ranar da aka karɓi hukuncin. Wanda ya makara sai ya ba alƙali dalili, kuma "muna ta shawara da 'yan uwa" ba dalili ba ne.

Ni tafinta ce, ba lauya ba. Ina fassara Hausa a asibiti da ofishin lauya da kotun shige da fice a arewacin Ingila, don haka abin da zan faɗa abin da kunnena ya saba ji ne a ɗakin shari'a.

Ƙarar tana zuwa kotun matakin farko ta shige da fice, First-tier Tribunal, kuma ana shigar da ita ta intanet. Kuɗinta fam 80 ne in alƙali zai duba takardu kawai, fam 140 in za a zauna. Biya 140 ɗin. Mutumin da ya kashe fiye da fam 3,000 wurin neman bizar bai kamata ya yi tsumulmular fam 60 ya hana kansa bakin magana ba. Ita Hajiya tana gida, kai ne za ka tsaya a madadinta a Manchester ko Bradford ko Landan, wakilin Ma'aikatar Cikin Gida ya yi maka tambayoyi. Kotu na bayar da tafinta kyauta in an nema tun farko. Lauya kuwa, tabbatar yana da rajista, ko dai cikakken lauya ko wanda IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, ta amince da shi. Masu "na san wani a ciki" kuɗinka kawai za su ci.

Tun watan Yulin 2012 aka tsaurara dokar wannan bizar ta ɗauko iyaye, kuma tambayoyi biyu take yi. Shin tsufa ko ciwo ko nakasa sun kai ta ga ba ta iya hidimar kanta ta yau da kullum sai da mai taimako na dindindin? Sannan, shin ko da kuɗin da kake turawa, ba za a samu wannan kulawa a ƙasar da take ba, ko don babu, ko don ta fi ƙarfin aljihu?

Tambayar farko ce tarbiyyarmu take kayar da mu a kanta. Tsohuwa ce shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, sai an ɗaga ta an kai ta banɗaki, amma likita na tambayarta ya jiki sai ta ce "Alhamdulillahi, da sauƙi." Shi ma ɗan, kunya ba za ta bar shi ya rubuta cewa mahaifiyarsa tana fitsarin kwance ba. Sai a kawo wasiƙar likita mai layi uku: tana da hawan jini da ciwon suga, tana shan magani. Wannan ba ta amsa komai ba, don dubban tsofaffi na da su kuma suna dafa tuwonsu. Koma wurin likitan da ke duba ta, ka roƙe shi ya rubuta dalla-dalla: tana iya wanka da kanta? Sa zane fa? Cin abinci, tashi daga gado, tuna lokacin magani? Sau nawa ta faɗi? Me ake tsammani nan gaba? A kan takardar asibiti, da sunansa da muƙaminsa da hatimi. In akwai ruɗewar tsufa, a nemi rahoton likitan ƙwaƙwalwa daban.

Ta biyun ta fi wuya, kuma a nan akasarin ƙararraki ke mutuwa. Wakilin gwamnati zai tambaye ka, cikin ladabi, 'ya'ya nawa Hajiya ta haifa, ina suke. Mu kuwa gida ne mai yawa. Kada ka ɓoye kowa. In suka gano ƙanin da ba ka ambata ba, sauran maganarka duk ta zube. Lissafa su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta bayaninsa ya sa hannu: wannan tana aure a wani gari da ƙananan yara, wancan direban babbar mota ne ba ya kwana gida, wancan shi ma jinya yake. Na ga mutane suna lauya magana don rufin asirin yayansu da ya yi watsi da uwa. Alƙali ba ya hukunci da abin da ka rufe.

Sai wakilin gwamnatin ya ce, to ai kana tura kuɗi, me ya hana a ɗauki mai jinya? Amsar baki ba ta isa. Nuna cewa an gwada: wa aka ɗauka, yaushe, nawa aka biya, me ya sa aka rabu. Rasit, saƙonnin WhatsApp, shaidar turawar kuɗi. Rubuta wa masu aikin jinya a gida da gidajen kula da tsofaffi na yankin, ka ajiye amsarsu, har da wadda ta ce ba su karɓar mai irin lalurarta. Duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci sai an fassara ta da shaidar mai fassara.

Shari'o'i biyu ya kamata ka sani. A 2017 ƙungiyar BritCits, mai fafutukar haƙƙin iyalai a harkar shige da fice, ta ƙalubalanci dokar a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sha kaye, amma kotun ta ce kulawar da ake cewa tana samuwa a gida dole ta zama wadda ta dace da shi majinyacin, kuma ana duba buƙatarsa ta zuciya da ƙwaƙwalwa in likita ya tabbatar da ita. Nan ne maganar tsohuwar da ke firgita da baƙuwar fuska, ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai 'yarta, take samun gurbi, muddin likita ne ya rubuta. A 2018 kuma, a shari'ar wata uwa mai suna Ribeli da aka hana irin wannan biza, kotun ta ce 'yarta da ke Birtaniya tana iya komawa Afirka ta Kudu ta yi jinyar mahaifiyarta. Don haka shirya wa tambayar "me ya hana ka koma?" Yaran da ke makaranta, aiki, lafiyar matarka, kowanne da takardar shaidarsa.

Ƙarar gaba ɗaya tana tsaye ne a kan Sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wato haƙƙin zaman iyali, kuma alƙali na duba halin da ake ciki a ranar zama. To in jikin ya ƙara tsanani bayan an hana bizar, kawo sabon rahoto. Jira yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, amma ana iya roƙon a gaggauta in likita ya nuna hali ya yi tsanani. In an sha kaye, zuwa kotun sama sai da izini, kuma sai an nuna alƙali ya yi kuskuren doka, ba wai hukuncin bai yi daɗi ba.

Abin da nake so iyali su tattauna tun kafin su fara shi ne wannan: wanda ya nemi wannan biza ya riga ya shaida wa hukuma cewa so yake ya zauna dindindin. In daga baya aka nema wa Hajiya bizar ziyara ta zo suna ko bikin jika, jami'in da ke dubawa yana ganin wancan fayil, kuma zai yi wuya ya yarda za ta koma. In har yanzu tana iya hawa jirgi ta zo ta yi wata biyu ta koma, ku auna sosai kafin ku taɓa wannan hanya.